Sunan da Inna Ba Ta Faɗa

Yayana shi ne ɗan fari a ɗakinmu, don haka Inna ba ta kiran sunansa. "Wancan" take ce masa. In tuwo ya sauka sai ta ce da ni, "Ki kai ma wancan nashi," ko da yana zaune a gabanta yana gyaran igiyar akuya. Akwai wani mai sayar da kanwa a kasuwar Korgom da suke suna ɗaya, shi ma bai tsira ba, "mai sunan wancan" ya zama a bakinta har ya daina zuwa kasuwa. Ba ƙi ba ne, kunyar ɗan fari ce. Haka ta tarar uwarta tana yi, haka sa'o'inta suke yi a ƙauyenmu, kuma ba wanda abin ya taɓa damu, har shi Yaya. Tsokanarta ma yake yi. Ya tsaya a bakin madafa ya ce, "Tsohuwa, wai mi sunana? Na mance." Sai ta ɗauki mara ta yi kamar za ta jefe shi, fuskarta a juye, kafaɗunta suna rawa don dariya.

Lokacin da Baba, Allah ya jiƙansa, yake tafiya cin rani Libiya, ban gama wayo ba. Abin da na riƙe kaɗan ne, sauran Yaya ne ya cike mini. Kaset ake aikowa. Wani mai dawowa gida zai kawo shi naɗe cikin leda, a aro rediyon maƙwabci, a sayo pil, wato batir, bayan la'asar a shimfiɗa tabarmi a tsakar gida. Baba zai gaida kowa da sunansa, daga kakarmu har jakin gidan, ya tambayi gona, ya tambayi wa ya rasu. Can a ƙarshe sai ya ce, "Da sauran mutanen gida." Inna ke nan. In za a mayar da amsa a bayan kaset ɗin, kowa yakan matso ya faɗi tasa, ban da ita. Sai ta jawo turmi kusa da tabarma ta hau daka, ko da akwai gari a ƙwarya. Tana da salonta, ta buga, ta buga, ta cilla taɓarya sama, ta tafa hannu, ta cafe. Kakarmu ta yi ta faɗa, "Ke, kin cika muna kaset da ƙara!" Yaya ya ce Baba ya taɓa gaya masa cewa a duk kaset ɗin, wurin ƙarar nan yake mayarwa baya yana sake ji.

Mu salula muka taso muka gani. Ta farko a ƙauyenmu ta mai shago ce, kuma rezo, wato sabis ɗin waya, ba ya sauka cikin gari, sai an hau tudun bayan rijiya, gindin wani gawo. Can za ka ga manyan mutane a tsaye, hannu a sama, suna juyawa a hankali. Mu yara sai muka shiga gina namu da laka. A soka tsinke a ka, a jera ƙwayar gero a matsayin lambobi, a shanya a rana. Ƙawayena suna yawo suna ihu, "Alo, alo, ba na jin ka, rezo ne babu!" Tawa ta fi ta kowa kyau, domin ba na shanyawa sai lambobin sun cika kuma sun miƙe a layi, amma ba na magana a cikinta. Ina kara ta a kunne ne in yi shiru. Yaya ya gan ni wata rana ya ce, "Wagga ko wayar laka kunyarta take ji."

Shi kam ba ya jin kunyar kowa. A fadarsu, inda samari suke zama shan shayi, in ka ji an fashe da dariya to shi ne ya yi magana. Bayan rasuwar Baba, aka yi wata damina da hatsi bai kai ko'ina ba, sai ya bi abokansa Aljeriya. Ya bar matarsa a gidanmu da yarinya a goye. Bai daɗe ba ya aiko mini da waya mai taɓawa, domin ni ce ke makaranta a Tasawa, ina zaune wurin goggona, kuma ni ce mai zuwa gida ƙarshen mako in an samu kabu-kabu. Na zama rediyon gidan.

Saƙon murya yake turowa, wanda muke kira vokal, dogo kamar kaset ɗin Baba. Ya gaida kowa, ya kwaikwayi maganar ubangidansa na wurin gini, ya yi wa akuyoyi sannu, a ƙarshe ya ce, "Da tsohuwa mai turmi." Ina kunnawa a tsakar gida, Inna ta ba mu baya tana tankaɗe. In zan ɗauki amsa sai in ji ana jan turmi. Wani lokaci ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ki ce ma wancan gero ya yi bana." Matarsa ita ma ba ta faɗin sunan miji, "baban yarinya" take cewa, murya ƙasa-ƙasa. Ni kuma Yaya nake ce masa. Ban taɓa lura ba sai daga baya, ashe a gidan nan kaf babu mai kiran sunansa.

Yana turo hotuna a gurup ɗin samarin ƙauyenmu. Ga shi ya jingina da farar mota, ga shi da baƙin tabarau a gaban wani dogon bene. Abokansa suna ta zuba masa kirari, "Patron! Ka tuna da mu!" Ni mai duba abu ce har ƙasa. Na ga takalminsa ɗaya ne a duk hotunan, na ga rigar da ya sa a gaban benen a jikin wani a wani hoton, na ga yakan ɓoye hannuwansa cikin aljihu. Ban ce wa kowa komai ba. Shi ma ban tambaye shi ba.

'Yarsa a cikin waya ta san shi. Ta iya jan hoto da yatsa tun kafin ta iya ɗaura zane. In na iso gida ba ni take tara ba, jakata take tara. Ta nemo hotonsa da kanta, ta manna bakinta a gilashin, ta ce masa ya kawo mata alewa. Na taɓa gina mata wayar laka irin tawa, da lambobinta a jere. Ta danna, ta juya ta, ta sake dannawa, sai ta miƙo mini ta ce, "Ta mutu. A kai ta sharji."

Bayan girbi na shekarar da na shiga aji na ƙarshe a lise, wato babbar sakandare, vokal ɗinsa ya ɗauke.

In ka tura saƙo, wata 'yar alama tana fitowa a gefensa. Guda ɗaya na nufin ya bar hannunka bai isa ba, biyu na nufin ya isa. Inna ba ta san harafi ko ɗaya ba, amma wannan ta koye shi da wuri. Ƙafa take ce wa alamar. Saƙo mai ƙafa guda ba zai kai Aljeriya ba, in ji ta. Da na sauka daga kabu-kabu, kafin in aje jaka, kafin ta tambayi goggo, sai ta ce, "Ƙafa guda ko biyu?" In ce guda. Ta ce, "To," ta koma abin da take yi. Da farko muna ba juna dalilai. Wataƙila wayar ta faɗi ta fashe, wataƙila an kai su aiki inda babu rezo. Da rani ya yi nisa dalilan suka ƙare. Labarai kuma suna ta shigowa, an yi kame a wani gari, an loda mutane a manyan motoci an zubar a bakin iyaka, wasu sun taka cikin rairayi ba su fita ba, wani gini ya rufta da leburori. Kowane labari sai in ɗauko Yaya in sa a ciki in ga ko ya yi daidai, kuma kullum sai ya yi.

Akwai wani abokinsa na fada da ya riga shi dawowa, yana sayar da esansi, wato fetur, a kwalba a bakin hanya. Na wuce ta gabansa ya fi a ƙirga kafin in iya tsayawa. Da na tsaya, tun ban buɗe baki ba ya ce, "Ƙanwarmu, na sani. Kawo wayar." Ya sa ni cikin wani babban gurup na 'yan cin rani, mutanen ƙasar Tasawa da Mayayi da ke warwatse daga Agadas har bakin teku. Ya ce in yi cigiya a nan.

Na yi abin da na iya, na rubuta. Na rubuta da Faransanci, na rubuta da Hausa, na sa sunansa da na Baba da na ƙauyenmu, da tabon da ke saman girarsa ta hagu, da garin da ya yi magana daga can a ƙarshe. Na duba kowane harafi na sake dubawa. Na tura tare da hotonsa. Kafin in ɗaga kai, wa'azi da bidiyon kokawa da gardamar ƙwallo sun danne shi, ya yi sama ya ɓace. Mutum ɗaya ne ya aje masa alamar babban yatsa. Da na zauna na bi gurup ɗin sai na gane kusan ba mai rubutu a ciki, kowa magana yake yi.

Sai na gwada magana. Na laɓe a bayan ɗakin goggo, kusa da kejin kaji, na ɗauka na goge, na ɗauka na goge. Wanda na tura a ƙarshe ko ni da kyar nake jin abin da na ce. Wannan karon an amsa. "'Yan mata, ƙara murya mana." "Kai, wagga murya ta fi shayi daɗi." "Turo naki hoton, nashi mun gani." Wani ya bi ni ta gefe yana tambaya ko an yi mini miji. Na kashe wayar na tura ta ƙarƙashin tabarma. A aji ina kallon allo, malam yana magana a kan jarrabawar bak ta gama sakandare da ke tafe, ni ban san ko da wane harshe yake yi ba.

Abokin Yaya bai yi mamaki ba. Ya ce, "Ki yi haƙuri da su, zaman ƙasar mutane ya lalata musu baki. Kuma 'yan damfara da muryar budurwa suke zuwa, shi ya sa ba a yarda. Amma in tsohuwa ta yi magana ba mai iya tsallakewa, kowa na da uwa. Sa Inna ta yi."

Na ɗauka za ta ƙi. Da na gaya mata sai ta wanke hannu, ta gyara kallabi kamar za a ɗauke ta hoto, ta zauna a bakin gado. Na danna na kara mata wayar kusa da baki.

Ta ce, "Salamu alaikum, bayin Allah. Ni ce uwar wancan yaron da ya tahi. Mun daɗe ba mu ji shi ba. Duk wanda ya gane shi, don Allah shi ce mai ana cigiyarshi gida. Ba a son komi nashi. Shi yi magana kawai, a ji."

Ta tsaya. Na ce, "Inna, ba ki hwaɗi suna ba."

"Ai sun sani."

"Ba su sani ba, Inna. Mutane ne da yawa, ba 'yan garinmu ba ne."

"To ke ba kin rubuta ba? Mi amfanin lakkwal ɗin da kike zuwa karatu?"

Ta miƙe ta fita. Na ce a raina ba komai, zan haɗa. Na hau tudu na tura muryarta, na bi ta da hoto, na bi hoton da suna da ƙauye a rubuce, komai a jere yadda ya kamata. Abin da ban yi tunani ba shi ne, in mutum ya ji abu ya taɓa shi, abin da ya taɓa shi kawai yake turawa gaba. Muryar Inna ta tafi ita kaɗai, ta bar hoto da suna a inda na aje su.

Ta yi nisa kuwa. Ta dawo mini ta hannun wata 'yar ajinmu da ba ta san uwata ba ce. Ta dawo ta gurup ɗin ƙauyenmu daga wani da ke Libiya. A ƙarƙashinta maza suna ta tambaya, "Wane yaro? Ɗan wane gari? Allah sarki, mama, wane ne?" Na bi na amsa inda na iya kaiwa, amma ta riga ta wuce inda hannuna yake kai.

Sannan wani abu ya faru da har yau ban san yadda zan ɗauke shi ba. Abokin Yaya ya ce mini wasu samari 'yan wajen Baudeta sun kira gidajensu bayan dogon shiru, saboda sun ji saƙon. Tun da babu suna, duk wanda ya daɗe bai kira gida ba sai ya ji da shi ake. Wata ranar kasuwa wata mata daga wani ƙauye na Hawan Dawaki ta yi ta tambaya har aka kawo ta gidanmu, da ƙwaryar wake a ka. Ta durƙusa ta riƙe hannun Inna ta ce, "Ke ce mai maganar nan? Ɗana ya kira ni saboda ke. Ya ce ya ɗauka ni ce. Allah shi saka miki, naki fa, ya kira?" Inna ta ce, "Tukuna." Ta ba ta ruwa, ta raka ta har bakin zaure, ta yi mata Allah kiyaye hanya. Sannan ta shiga ɗaki ta ja labule. Waken nan ya daɗe a inda aka aje shi.

Daga nan ta daina daka. Matar Yaya ce ke yi, ko a kai inji. Tuwo in an zuba mata sai ta taɓa gefe ta rufe. Zanenta ya fara zagaye ta fiye da da. Da ruwan farko ya sauka, baban matar Yaya ya zo ya zauna a zaure, ya yi gaisuwa mai tsawo, sannan ya ce shi ba gaggawa yake yi ba, amma yarinya ba za ta zauna haka ba iyaka, ya kamata a san ko matar wani ce ko ba matar kowa ba. Ba wanda ya ga laifinsa. Matar Yaya ta yini tana wanke kwanonin da ta riga ta wanke.

Ranar da muka je noman farko ni da Inna, rana ta take, muka zauna gindin wata bishiyar bedi a gefen gona. Ban shirya maganar ba. Na ji bakina ya ce, "Inna, ni na hwaɗa sun yi mani dariya. Matarshi ba ta iyawa. Baba ba ya nan. In ba ki hwaɗa ba wa za ya hwaɗa?"

Ta daɗe tana kakkaɓe ƙasa daga ƙafarta. Sannan ta ce, "Ranar sunanshi ma da aka raɗa, kaina na rufe da zane." Ta ƙara da cewa, "Uwata ta kira sunan nata ɗan fari sau guda a gabana. Ranar da aka fita da shi cikin makara ne. Ta bi su har bakin ƙofa tana kira. Ni abin da na sani ke nan. Kina so in kira shi kamar an fita da shi?"

Duk karatun da na yi babu inda aka ce ga abin da ake faɗa a nan. Na ce, "Ina so a kai mai ne, Inna. Ba mai kai mai in ba su san shi ne ba."

Ta kalli gonar. Ta ce, "Ina ake dannawa?"

Na nuna mata, na ɗora yatsanta a wurin, na ce kada ta ɗaga sai ta gama. Ta ce in tashi. Na matsa, ta ce in ƙara. Na yi ta tafiya cikin kunyoyi har na kai iyakar gonar maƙwabci, na ba ta baya. Iska ce kawai nake ji. Da na juyo ta aje wayar a kan ƙasa nesa da ita, ta ɗauki hauya ta koma noma cikin ranar nan.

A kan tudu na saurara kafin in tura. Da farko numfashi ne kawai. Sai ta kira sunan. Ba yadda ake cigiya ta kira ba, yadda ake kiran yaro ya bar wasa ya zo ya ci abinci ta kira, ta ja ƙarshensa. Ta sake kira. Harshenta yana tuntuɓe a kansa, kamar mai taka hanyar da bai taɓa bi ba. Ta faɗi sunan Baba, wanda shi ma ban taɓa ji a bakinta ba, ta faɗi sunan ƙauyenmu. Ta ce, "Ni ce na haife ka. In kana da rai ka amsa mani." Na tsuguna gindin gawon na daɗe kafin yatsana ya yarda ya danna.

Abin da ya biyo baya ban shirya mata shi ba. Saƙon bai tafi arewa kawai ba, ya zagayo gida. A kasuwar Korgom, a rumfar mai sharji, muna wucewa sai muka ji muryar Inna tana fita daga wayar wani da ba mu sani ba, tana kiran ɗanta, mutane sun kewaye suna ji. Ta ja mayafi ta rufe fuska, muka bar kasuwar ba mu sayi abin da ya kawo mu ba. A rijiya in ta iso sai hira ta yanke. Ba wanda ya zage ta. Wata tsohuwa dai ta ce, "Oh, zamani," ta ɗauki tulunta. Inna ta daina zuwa rijiya. 'Yar Yaya kuwa ta tsinci sunan, ta ji daɗinsa, ta yi ta zagaya tsakar gida tana rera shi yadda kakarta ta ja shi, har uwarta ta kama ta ta toshe mata baki.

Kuma shiru ya ci gaba. Ni na sa ta ta yi, ta yi, gari ya ji, ba abin da ya zo. Na zauna jarrabawa na fito ban san abin da na rubuta ba. In na zo gida ta daina tambayata ƙafa nawa. Wannan ya fi tambayar ciwo.

Gero ya fara fitar da kai lokacin da abokin Yaya ya aiko a kira ni. Ya miƙo mini wayarsa, ya kunna wani saƙo da aka turo masa ta babban gurup ɗin nan. Muryar wani ce da ban sani ba, mai Hausar Agadas. Ya ce shi mai bugun bulo ne a Arlit, can arewa da Agadas kusa da iyakar Aljeriya, akwai wani da suke aiki tare, dogo, mai tabo a gira, ba ya yawan magana. Ya ce yana sauraren saƙon tsohuwar nan a wurin hutu, sai mutumin ya miƙe ya karɓe wayar daga hannunsa ya zagaya bayan bulo, bai dawo ba sai da aka koma aiki. Na ce a raina ba shi ba ne, Yaya ba a taɓa cewa ba ya magana ba. Sai saƙo na biyu ya fara.

"Ƙanwata." Muryar ta shaƙe, amma tasa ce. "Ki ce ma tsohuwa na ji. Ki ce mata kar ta sake, don Allah kar ta sake. Ina da rai." Ya ce an kama su a wurin aiki, wayarsa ta tafi a nan, kuma duk lambobin suna cikinta, ko tawa bai riƙe a ka ba. An sauke su a bakin iyaka, sun taka. "Na san da na nemi hanya da na samu. Amma da wace fuska? Gari duk sun ga mota. Ko takalmin nan babu shi yanzu." Ya yi wata 'yar dariya da ba ta yi kama da tasa ba. "Kar ki sa wannan a gurup. A gaida yarinya da uwatta. In na ɗan tsaya da ƙafata za ku gan ni."

Bai ce yaushe ba.

Abokin Yaya ya turo mini saƙon da lambar mai bulon a wayata, na kai gida a ranar. Na kunna a tsakar gida kamar da. Matarsa ta zauna a ƙasa inda take tsaye. Yarinyar ta zo tana neman hoto a gilashin, babu hoto, ta ce wannan ba babanta ba ne. Inna ta ba mu baya, tana fuskantar danga. Da ya ƙare ta ce, "Sake." Na sake. Ta ce, "Sake." Har batirin ya yi ja.

Washegari da hantsi, da aka karɓo wayar daga sharji, na zauna zan ɗauki amsa zuwa lambar mai bulon. Na shirya abin da zan ce, cewa ba mai tambayarsa mota, cewa surukinsa ya zo, cewa ya taho ko da ƙafa. Na danna ke nan sai na ji ana jan turmi a bayana. Da kyar take jansa. Ta zuba gero, ta ɗaga taɓarya. Bugun ba shi da ƙarfin da, amma salon yana nan, ta buga, ta buga, ta cilla, ta tafa. Na ɗaga wayar sama na bar ta tana ɗauka. Cikin dakan, ba tare da ta dube ni ba, ta ce, "Ki ce ma wancan gero ya kusa."

Na hau tudu na tura. Alama guda ta fito. Na jira har inuwar gawon ta juya, na ɗaga hannu sama ina zagayawa kamar yadda manya suke yi muna yara. Daga baya abokin Yaya ya ji cewa mai bulon ya tafi wurin haƙar zinariya, inda babu rezo, kuma ba a san ko da Yaya suka tafi ba.

An yi girbi, an ɗaure dammuna. Surukinmu ya ce zai ƙara jira tun da an ji murya. Saƙon mai turmi yana nan a wayata, ban goge ba, ban tura wani a kansa ba. In na sauka daga kabu-kabu, kafin in aje jaka, Inna ta koma tambayarta.

"Ƙafa guda ko biyu?"

"Guda, Inna."

"To. Ki ci abinci, ki hau tudu ki duba."